Yarona ya daina cin komai sai burodi da Indomie, an yi ɗura an yi duka bai canza ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Rigasa, 'ya'yana uku. Babban namiji ne, shekararsa tara. Tun da aka yaye shi yake da tsirfar abinci, ba ya cin miya mai yauƙi, ba ya son wani abinci ya taɓa wani a kwano. Muna ta lallaɓawa har Babbar Sallar bara waccan, tsokar nama ta maƙale masa a wuya, sai da aka bubbuga masa baya ta fito. Tun daga ranar ya bar nama, ya bar tuwo, daga baya ya bar shinkafa. Yanzu burodi da shayi yake ci, sai Indomie da ba a sa mata komai ba, wani lokaci soyayyen dankalin Turawa. Kakarsa ta ce sangarta ce, ta sa aka danne shi aka yi masa ɗura, ya yi ta amai. Babansa ya sha zane shi. An yi ruƙiya. Na sayo maganin cin abinci a kemis, barci kawai yake sa shi. Na kai shi wani asibiti, likitan ya ce in ƙyale shi, in yunwa ta ci shi zai ci. Na ƙyale shi, ya kwana biyu a kan ruwa. Ya rame, ƙaninsa ya kusa kamo shi a tsawo, kullum yana cewa ya gaji. Yanzu ana maganar a kai shi wajen wanzami a cire masa belu. Ɗan fari ne, in na yi magana a ce ba ni da kunya. Ina zan sa kaina?

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan wannan ɗawainiya.

Maganar wanzami zan fara ɗauka, domin ita ce ba ta jira. Kada a kai shi. Ba belu ne ya hana shi ci ba, kuma yankan yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, musamman ga yaron da jikinsa ya riga ya yi rauni. Sannan ki duba inda za a sa askar. Wuyan nan ne fa da ya shekara biyu yana tsoron wani abu ya sake maƙale masa a ciki. In aka danne shi aka yanka a nan, ina tsoron ko burodin ma ya daina haɗiya. Wannan kam ki tsaya a kai da ƙafafunki, ko da za a ce miki marar kunya. Alkunyar ɗan fari tarbiyya ce da muka gada, ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa rawar jiki a gaban surukai. Amma ba ta kai ga uwa ta yi shiru a sa wa ɗanta aska a maƙogwaro ba. In bakinki ba zai iya da Hajiya kakarsa ba, ki nemi wanda take jin nauyinsa, yayanta ko limamin unguwa, ki roƙe shi ya ce a dakata sai likitan yara ya gani.

Likitan da ya duba shi ne zai tabbatar, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da lalurar da likitoci ke kira ARFID. Ita ce mutum, yaro ko babba, ya taƙaita abin da yake ci har abin ya taɓa girmansa ko jininsa ko zamansa da mutane, alhali ga abincin a gida, kuma ba wai yana gudun ƙiba ba ne. A nan ta bambanta da lalurar da ta fi kama 'yan mata masu hana kansu ci don su rame. Ɗanki ba ya duba madubi, kwanon ne yake ba shi tsoro. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita cikin kundinta da wannan suna, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Kin ga ba ta daɗe a littafi ba, shi ya sa ba kowane ma'aikacin lafiya ne ya karance ta a makaranta ba. Shawarar da aka ba ki, ta a bar shi da yunwa, tana aiki a kan yaro mai tsirfa irin ta yau da kullum, wanda zai yi fushi da rana ya share kwano da dare. Mai wannan lalura zai zauna da yunwar har ya galabaita, kuma ke shaida ce.

Ta hanya uku take zuwa, kuma sukan haɗu a jikin mutum ɗaya. Akwai wanda bakinsa da hancinsa suke jin abu fiye da na sauran mutane. Yauƙin kuɓewa, ƙamshin daddawa, ɗan gudajin da ya rage a tuwo, abin da mu ba ma ko lura da shi, shi tayar masa da zuciya yake yi da gaske. Akwai wanda yunwa ba ta kiransa, zai wuni bai tuna da abinci ba, in ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. Akwai kuma wanda wani abu ya taɓa faruwa da shi, ya shaƙe ko ya yi mugun amai, tsoro ya zauna masa. Ɗanki da ta farko ya taso, ta uku kuma ta same shi ranar Sallah. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ba ya zauna ya yanke shawarar ƙin ci ba, jikinsa ne yake rufe ƙofa kafin ya yi tunani: zuciya ta buga, miyau ya ƙafe, wuya ya ɗaure.

In kin fahimci wannan, za ki gane abin da ɗura ta yi. Yaro yana tsoron shaƙewa, aka danne shi, aka toshe masa hanci, aka kwarara masa kunu yana neman numfashi. Abin da yake tsoro ne aka maimaita masa, kuma a hannun mutanen da ya fi yarda da su. Ga haɗarin kunun ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu, abin da ya sha kai yara gadon asibiti. Na san Hajiya ba da mugunta ta yi ba, da haka ta ga ana ceton yara tun tana ƙarama. Duka ma haka ne. Tsoro yana kashe sha'awar ci, don haka duk bulalar da ta sauka a gaban kwano ƙara nisanta shi take yi da kwanon.

Idan za ki yi wa babansa magana, kada ki zaɓi lokacin da ake tsaka da rigimar abinci. Ki bari dare ya yi, yara sun kwanta. Ki tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa naman damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haram ne, ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa, sai ransa yake ƙyamarsa. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Ran mutum ya ƙi wani abinci na halal ba rashin tarbiyya ba ne. Addu'a da ruƙiya kuwa a ci gaba da su, ba su hana magani, maganin ma ba ya hana su. Sharaɗi ɗaya kawai: kada a sake tura masa komai a baki da ƙarfi, ko rubutu ne.

Yanzu ga maganar magani, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Kin je kemis shi kaɗai, kin je wajen malam shi kaɗai, kin ga likita ɗaya sau ɗaya, kowa ya kama gefen da ya sani ya sake ki. Lalurar nan ta taɓa jiki, ta taɓa tunani, ta taɓa zaman gida, shi ya sa a duk inda aka ƙware a kanta ba mutum ɗaya ke riƙe yaro ba. Ma'aikata ne daban-daban suke haɗa hannu, kowa da aikinsa, suna jin abin da ɗan'uwansu ya gani.

Na farkonsu likitan yara ne, kuma wajensa za ki fara zuwa a makon nan. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, in kuma hali ya yi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Kada ki ce masa kawai yaro ba ya cin abinci, wannan kalma yana jin ta sau da yawa a wuni. Ki ce: abinci huɗu kacal yake ci, ya fara ne bayan ya shaƙe da nama, ya taɓa kwana biyu bai ci ba, ya rame, ƙaninsa ya kusa kamo shi. Ki ambaci sunan lalurar, ki ce kina so a duba ko ita ce. Aikinsa ya auna nauyi da tsawo ya ɗora su a kan jadawalin girman yara, ya saurari bugun zuciya, ya duba baki da haƙora da wuya, ya kuma kawar da sauran abubuwan da ke hana yaro ci: tsutsar ciki, taurin bayan gida, ƙwannafi, tarin fuka, sikila, ko kumburin hanyar abinci da ke sa loma ta riƙa tsayawa. Zai sa a auna jini, a ga yawansa da sinadarin ƙarfe da gishirin jiki, da bitamin irin su B12 in ana yi a wurin. In ya ga alamar matsala a haɗiyar kanta, zai iya tura ku wajen likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, kuma muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna. A irin waɗannan wurare ne ake samun masu koyar da magana da haɗiya.

Gajiyar da yake faɗa ta tsaya mini a rai. Abincinsa duk gari ne da mai, babu nama, babu wake, babu ganye, babu 'ya'yan itace. Ƙarancin jini shi ne abin da za a fara zargi, ga shi ganyen shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci. Kuma kada wani ya duba shi wata rana ya ga ya ɗan murmure ya ce shi ke nan. A 2019 likitoci a Biristol ta ƙasar Ingila suka ba da rahoton wani saurayi ɗan shekara 17 da ya shekara da shekaru a kan soyayyen dankali da farin burodi da ɗan sarrafaffen nama. Jikinsa bai nuna rama ba. Yana ɗan shekara 14 ya fara zuwa asibiti da kukan gajiya, aka ga ƙarancin B12. Kafin a gane tushen abin, jijiyar idonsa ta lalace, jinsa ma ya ragu. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. So nake ki ga dalilin da ya sa gwajin jinin nan ba abin ɗagawa ba ne.

Ta biyu ita ce jami'ar abinci mai gina jiki, wadda manyan asibitoci suke da sashenta. Ki roƙi likita ya rubuta miki takarda zuwa wajenta. Mutane suna zaton za ta miƙa musu takardar abincin Turawa ne. Ita lissafi take yi: me yake ci, me ya rasa, ta ina za a cike. Abin da zai ba ki mamaki, da farko ba za ta ce a hana shi burodi da Indomie ba. Cewa za ta yi a ƙara masa su, domin ƙa'idar ita ce a fara dawo da nauyi da ƙarfi ta hanyar abin da yake iya ci, sannan a shiga faɗaɗawa. Yaron da ke cikin yunwa ba ya da ƙarfin zuciyar gwada sabon abu. Za ta nuna miki yadda za ki yawaita madara a shayinsa ki rage ganyen, ki shafa bota a burodi, ki ƙara ɗan mai a taliyar, ta kuma faɗi irin bitamin ɗin da ya dace bisa sakamakon jini. Gargaɗi ɗaya a nan: kada ki ɓoye masa komai a cikin abincin da ya yarda da shi. Na san zuciyar uwa, za ki so ki fasa ƙwai a Indomie ki juya ba tare da ya sani ba. Harshen irin waɗannan yara ba ya kuskure. In ya gane, zai iya barin Indomien gaba ɗaya, huɗu su koma uku, kuma ya daina yarda da hannunki. Duk abin da za a ƙara, a ƙara da saninsa.

Na uku shi ne wanda na san za a yi miki gardama a kansa: masanin halayya ko likitan ƙwaƙwalwa. Da an ce Barnawa, sai a ce ai ɗanmu ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ne, ba shi ba ne. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana ganin masu fargaba da masu rashin barci da masu farfaɗiya da yara masu wahalar karatu, mutane irina irinki da suke shiga da ƙafarsu su fito su hau Keke su koma gida. Asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe, in sunan Barnawa ne zai hana babansa yarda. Tsoron da ya zauna wa yaron nan shi ne ƙashin bayan matsalar, kuma cire tsoro fanni ne da ake karanta, ba a yin sa da lallashi kawai ko da tsawa.

Yadda suke yi shi ne su kusantar da yaro ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, yana sane, yana da ikon cewa a tsaya, har jikinsa ya koyi cewa ba abin da zai faru. Wasu masana biyu a babban asibitin Masacuset da ke Boston, Jennifer Thomas da Kamryn Eddy, sun tsara wata hanya ta zama 20 zuwa 30 domin masu shekara 10 zuwa sama. Ga waɗanda ba su kai haka ba, kamar naki, yawancin aikin ta hannun iyaye yake bi: a koya muku a ofis, ku je gida ku yi, ku dawo ku faɗi yadda aka kwashe. Shi ma wannan masani zai duba ko akwai wani abu tare da lalurar, domin takan zo da yawan fargaba, ko da lalurar otizim, wadda take shafar yadda yaro yake mu'amala da mutane da yadda yake jin ƙara da taɓi. In kin lura yana toshe kunne in an kunna injin niƙa, ko wata riga tana damunsa a fata, ko hankalinsa yana tashi in an sauya masa tsarin da ya saba, ki faɗa. In haka ne, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne saba wa yara da taɓa abubuwa da jin su a hannu da baki, sai a haɗa ku da su.

Mai yiwuwa ba za ki sami mutanen nan a ɗaki ɗaya ba. Wannan yana wannan sashe, wancan yana wani asibitin, kowa da ranar ganinsa da katinsa. To, ke ce za ki haɗa su. Ki sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. A shafukan farko ki rubuta tarihin nan da kika ba ni. Bayan haka kullum ki rubuta abin da ya ci da yawansa da lokacin, da ko ya yi amai, da ko ya yi bayan gida. Duk wanda kuka gani, ki miƙa masa littafin ki ce, don Allah likita a rubuta mini abin da aka gani da abin da za a yi, da nauyinsa na yau. Ki manna sakamakon gwaji a ciki. Ki nemi likitan yaran ya zama shi ne jagora, wanda duk maganar sauran za ta koma gare shi, don kada wannan ya ce a ƙara madara wancan ya ce a daina, ki rasa na kamawa. In maganarsu ta saɓa, ki nuna wa kowa abin da ɗayan ya rubuta, ki roƙe su su yi waya da juna. Ba rashin ladabi ba ne, ma'aikacin kirki daɗin wannan yake ji.

Ku ma a gida kuna cikin masu maganin, har ma kun fi kowa yawan aiki, domin likita minti kaɗan zai gan shi, ku kuwa kuna tare da shi a kowane cin abinci. Shi ya sa nake so babansa ya bi ku asibiti ko sau ɗaya ne, Hajiya ma in za ta yarda. Abin da suka ƙi ji daga bakinki za su ji daga bakin likita. Kuma kada a ture Hajiya gefe, a ba ta aiki. Ta zaunar da shi kusa da ita yana taya ta ɓarar gyaɗa, ko tsinke zogale, ko tsintar wake, ba tare da an ce ya ci ba. Hannun da ya saba da abinci ya fi saurin kai shi baki.

Kafin ku sami ganin masanin, ga abin da za ki iya farawa ba tare da haɗari ba. Ki tsayar masa da lokaci: ci uku manya, da ƙanana biyu ko uku a tsakani, kada ya wuce awa uku bai sa wani abu a ciki ba, kuma kada ya wuni yana kurɓar shayi yana cika ciki. Kowane zama kada ya wuce rabin awa. In lokaci ya cika a ɗauke kwano ba faɗa ba gori. Ya zauna tare da 'yan'uwansa da nasa kwanon, kada a ware shi, kada kuma a sa shi cikin tire ɗaya da miya tana gangarowa. A hana ƙannensa da baƙi yi masa tsiya.

Sannan sau ɗaya a wuni, ba lokacin babban ci ba, ku yi zaman gwaji na minti goma. Ki bar shi ya zaɓi abin da za a gwada cikin biyu ko uku da suka yi kusa da abin da ya riga ya sani. Tunda yana cin soyayyen dankali, ki yanka doya siriri kamar yadda kike yanka dankalin, ki soya ta yi launi ɗaya da shi. Ki sa sili ɗaya tak a ƙaramin faranti daban, ga kofin ruwa, ga wani kwano da zai tofar in ya so. Ranar farko ya kalla kawai ya faɗa miki kalarta. Gobe ya ɗauka ya karya, ya ji taurinta. Jibi ya shinshina. Wata rana ya taɓa da harshe. Wata rana ya gutsiri abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya tauna, in ya tofar ba laifi. Kada ki tsare shi da ido, kada ki ce saura kaɗan, kada ki yi guɗa in ya haɗiye. Ki ce sannu da ƙoƙari, ki rubuta a littafi. Yaro yakan buƙaci ɗanɗana abu sau goma ko fiye kafin bakinsa ya karɓa, don haka ƙin ranar farko ba ya nufin komai. Daga doya a je dankalin Hausa, daga nan a je ƙosai ko soyayyar awara. Daga Indomie a je taliyar Hausa da ɗan mai. Daga shayi a je kunun gyaɗa da aka tace sosai. Nama shi ne na ƙarshe, kuma wannan ki bar shi sai da jagorancin masanin, bayan likita ya tabbatar haɗiyarsa lafiya lau take. In lokacin ya zo, romo ne farko, sai dambun nama, tsoka tana can gaba.

Wata zai zo da za ki ga kamar an tsaya cak, ko ya yi zazzaɓi ya koma baya. Haka tafiyar take, ta watanni ce, wani lokaci ta haura shekara. Ba a neman ya zama mai cin duk abin da aka ajiye. Wataƙila har ya girma ba zai so miyar kuɓewa ba, kuma ba komai. Abin da ake nema ya samu isasshen abinci daga kowane rukuni, ya ci gaba da tsawo, ya iya zama a gidan biki ko a makaranta ba tare da fargaba ba.

Maganin kemis ɗin nan ki dakatar da shi, ki tafi da kwalbar wajen likita. Yawancin irinsu suna ɗauke da wani sinadari mai buɗe ciki da sa barci. Likita yakan rubuta shi wani lokaci, da awo da wa'adi, amma shi kaɗai ba ya cire tsoro. Wanda nake roƙonki da Allah ki guje shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Kumbura fuska suke yi a zaci ƙiba ce, alhali suna raunana garkuwar jiki da ƙashi, suna tauye girman yaro.

Akwai alamun da in kin gan su ba a jiran ranar asibiti, a tafi sashen gaggawa ko tsakar dare ne: ya suma ko jiri yana kayar da shi, ya ƙi ruwa, fitsarinsa ya ragu sosai, ƙafafunsa sun kumbura, yana barcin da tashinsa ke wuya, ko ya wuni cur bai ci komai ba. In kuma kin ga dundumi, yana laluben hanya da magariba, ko dasashinsa yana jini, ki faɗa wa likita a ranar. In aka ce za a kwantar da shi, ko a sa masa siririn bututu ta hanci a riƙa ba shi abinci na ɗan lokaci, kada hankalinki ya tashi, hanya ce ta tsallakar da shi. Kuma in kin ga suna ba shi kaɗan-kaɗan da farko suna yawan ɗibar jini, ba rowa ba ce. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka cika shi lokaci guda, gishirin jininsa yana iya faɗuwa har ya taɓa zuciya.

Ta fuskar kuɗi, ki tambayi babansa ko kuna cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato KADCHMA, ko na tarayya, ki kuma tambayi sashen walwalar marasa lafiya a asibitin da kuka je. Ki faɗa wa likita ƙarfin aljihunku ba kunya, ya jera miki gwaje-gwajen daga wanda ya fi muhimmanci.

Ki je makarantarsu ta boko da Islamiyya ki ga malamansa da kanki. Ki ce yana ganin likita a kan cin abinci, a bar shi ya ci abin da kika sa masa a kula, kada a tilasta masa na wani, kada a ambaci maganar a gaban yara. In azumi ya zo yana ganin sa'o'insa suna gwadawa, shi kada ya yi, bai wajaba a kansa ba kuma jikinsa ba zai ɗauka ba a yanzu. In sakamakon jinin ya fito, ki sake rubuto mini da abin da likitan ya ce da nauyin da aka samu, mu ga ta inda za a shawo kan babansa a kan maganar ganin masanin halayya.